Kawu ya ce in leƙa kwamfutocin ma'aikata a ɓoye, su kuma sun daina cin abinci da ni

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, haifaffen Aboabo a Kumasi. Na karanta fannin kwamfuta, da na gama bautar ƙasa sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɗauke ni aiki a kamfaninsa na sarin shinkafa, sukari da man girki. Kwamfutoci 9 gare mu, duk na hannu, wato ba sababbi aka saye su ba, da firinta 2, da kyamarori 8 da Alhaji, wato kawun nawa, ke kallo ta wayarsa. Manhajar lissafi tana kan kwamfutar akantanmu, dattijon da ya shekara 20 tare da Alhaji, sauran duk daga wajenta suke jawo bayani.

Kullum daga ƙarfe 11 zuwa azahar komai sai ya yi nauyi. Rasit ɗaya sai an yi ta jira, kwastomomi na faɗa, direbobi na danna hon a waje. Alhaji ya ce yara ne ke kallon ƙwallo da TikTok, ya umarce ni in sa manhajar da za ta nuna masa abin da kowa ke kallo da abin da kowa ke rubutawa, kada kowa ya sani. Ban sa ba. Amma na yi kwana uku ina zama bayan an tashi, ina bubbuɗe kwamfutocin don in gano matsalar. Maigadi ya gan ni, magana ta bazu cewa ni ɗan rahoto ne. Yanzu in na shigo sai a yi tsit. Waɗanda muke cin waakye tare sun daina kirana. Baba akanta ya ce kada in ƙara taɓa kwamfutarsa. Unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya.

Na nemi kuɗin gyara, Alhaji ya ce sai na nuna masa mai laifi tukuna, in kuma ba zan iya ba akwai yaron da zai yi masa a cikin gari. Shi ya biya mini kuɗin makaranta. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsit ɗin nan da ake yi in ka shigo. Duk wanda ya tashi a Zongo ya san nauyin a kira mutum ɗan rahoto. Da a wani katafaren kamfani ne a Accra, inda kowa ke kama gabansa in an tashi, da da sauƙi. Kai kuwa waɗanda suka juya maka baya su ne za ka haɗa kafaɗa da su a sahun magariba, su ne kuma za su cika maka rumfa ranar ɗaurin aurenka. Damuwarka tana kan hanya. Ka kuma yi daidai da ka janye hannu ba ka sa manhajar nan ba, Allah ya saka maka.

Amma bari in nuna maka inda ka yi kuskure, don daga nan gyaran zai fara. A kwana ukun nan kai ka san aikin gyara kake yi. Maigadi kuwa abin da idonsa ya gani shi ne ɗan 'yar'uwar maigida, shi kaɗai, da dare, a kan kujerun mutane. Ko ni ne a cikinsu, zuciyata za ta raya mini abin da ta raya musu. Ka nemi afuwarsu a fili, a gajarce: ka yi kuskure da ba ka sanar da su ba, ba abin da ka sa a kwamfutar kowa, kuma daga yau ba za ka taɓa ta mutum ba sai yana zaune. Kada ka gaya musu cewa Alhaji ya umarce ka da leƙensu ka ƙi. Gaskiya ce, za ta kuma wanke ka nan take, sai dai za ta kunna wuta tsakanin kawunka da ma'aikatansa, wutar da ba kai za ka iya kashe ta ba.

Shi ma Alhaji ka duba nasa ɓangaren. Mutum ne da ya tara abin da ya tara da ƙirgen buhu da sanin halin mutane. Yana tsaye yana ganin layi, kwastomar da ta taso tun daga Ejura ko Techiman tana cewa za ta wuce shagon gaba, yaran da yake biya albashi kuma sun zuba wa kwamfuta ido. Ya san ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin da ya fi kusa da saninsa shi ne ɗan Adam. Zatonsa ma yana da ɗan ƙamshin gaskiya, don bidiyo yana cin intanet. Inda ya cakuɗa shi ne ya haɗa tambaya biyu wuri ɗaya: me ke sa na'ura nauyi, da wa ke wasa da aiki. Ta farkon taka ce, don ita aka ɗauke ka. Ta biyun tasa ce da manajansa, kuma ido da baki sun ishe su.

Ita manhajar ɓoyen, ka san abin da za ka ɗora wa kanka in ka sa ta. Allah ya hana mu bin diddigin asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma Alhaji ya san wannan kamar yadda muka sani. Dokar ƙasa ma ta yi magana. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin wasiƙu da sadarwar mutum, sannan dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda aka fi sani da Act 843, ta ce wanda ake tattara bayanansa sai an sanar da shi dalilin tattarawar. Ga kuma haɗarin da ya shafi aljihun Alhaji kai tsaye, wanda shi za ka fara kai masa. Manhajar da ke naɗe duk abin da aka danna ba ta san bambancin hirar banza da kalmar sirri ba. Za ta kwashi ta banki, ta shafin hukumar haraji GRA, ta imel ɗin kamfani, ta tara su wuri ɗaya. In kuma satacciya ce wani yaro ya sauko da ita daga intanet, babu wanda ya san inda take tura abin da ta kwasa. Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo daga asusun kamfani, wanda ya sa ta za a fara kallo. Bayan duk wannan ɗawainiya kuma, hoton fuskar kwamfutar wani ba zai gaya maka abin da ke tsayar da rasit ba.

To mu koma kan aikinka. Kalmar "ta yi nauyi" da kowa ke faɗa cuta uku take lulluɓewa, kuma kowace da maganinta. Akwai nauyin kwamfutar kanta, akwai na hanyar da ta haɗa kwamfutocin cikin gida, akwai na intanet. Manhajar lissafinku a cikin gini take, a teburin Baba. Rasit ba ya buƙatar fita intanet kafin ya bugu, sai in an haɗa ku da tsarin rasit na GRA. Ke nan ko mutum goma na kallon ƙwallo bai kamata rasit ya tsaya ba, muddin kwamfutocin da kebul aka haɗa su. In kuwa wayoyi da kwamfutoci duk a wayifai ɗaya suke, to hanya ɗaya ake turereniya a kanta, kuma a nan zaton Alhaji zai iya samun gindin zama. Ba ka faɗa mini wanne ne ba, don haka shi za ka fara tantancewa.

Ka roƙi Alhaji mako biyu na awo kafin a kashe ko pesewa ɗaya. Ka liƙa wa kwamfutocin lamba daga 1 zuwa 9, ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a kan kantar shago, ka roƙi kowa da kowa cewa duk lokacin da abu ya tsaya a rubuta ƙarfe nawa, kwamfuta lamba nawa, me ake yi. Lamba za a rubuta, kada a sa suna. Ina son wannan dabarar ƙwarai saboda tana juya lamarin: waɗanda ke tsoron ana kai rahotonsu sai su zama su ke kai rahoton na'ura. Kada ka manta su kwastoma ke zazzaga wa faɗa, sun fi kowa son a gyara. Kai kuma da agogon wayarka ka auna abu uku a kowace kwamfuta: daga kunnawa zuwa ta shirya, daga danna manhajar lissafi zuwa ta buɗe, daga danna bugu zuwa takarda ta fito. Sau ɗaya da ƙarfe 8, sau ɗaya da ƙarfe 12. In babu waɗannan lambobin, ko ka gyara ba ka da abin nunawa, kuma za a ce dama can haka take.

Da zarar nauyin ya zo, ka je wurin mai kwamfutar ka nemi izini, ka danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, ka nuna masa abin da kake kallo da yatsa. In faifan ajiya ya maƙale a kashi 100 alhali furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na hutawa, faifan ne ya gaza. In RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, ya cika maƙil, Windows ta fara juye kaya a kan faifai, shi ya sa komai ke rarrafe. Kwamfuta mai RAM gigabait 4 da aka buɗe wa Chrome da shafuka goma haka take yi. Daga nan ka buga ping, wato gwajin saurin amsawa tsakanin na'urori, zuwa kwamfutar Baba da zuwa rauta, na'urar da ke raba muku intanet. A kan kebul mai lafiya amsa ba ta wuce milisakan ɗaya ko biyu. In tana tsalle zuwa ɗaruruwa ko tana ɓacewa, hanyar cikin gida ce ke ciwo. Ka duba gudun katin sadarwa kuma. In ya nuna 100 maimakon 1000, ko dai akwatin raba kebul ɗinku tsoho ne, ko kuma sili ɗaya ya tsinke a cikin kebul, domin gudun 1000 sai da sili takwas ɗin duka, na 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Ɓera ba baƙo ba ne a siton shinkafa da sukari, ka bi wayoyin da ido har inda suka ƙare.

In ka tambaye ni inda zuciyata ta fi karkata, kwamfutar Baba ce, ko da yake awo ne zai yanke hukunci. Dubi kayan da aka ɗora mata: ita ce uwar garke, wato wadda mutum takwas ke jawo bayani daga wajenta, ita ce kuma teburin aikin mutum na tara. Da hantsi ya dubi ludayi kowa na neman farashi da yawan kaya daga wajenta, shi kuma Baba yana haɗa rahoto ko ya buɗe wani ƙaton Excel. In faifanta irin mai juyawa ne, mai zagaye 5,400 ko 7,200 a minti, hannu ɗaya ne ke kai-komo a cikinsa yana neman wa kowa nasa, tamkar mai awo ɗaya da mudu ɗaya a gaban mutum tara. Sabon nau'in faifai da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi. Ko irin na SATA mai sauƙin kuɗi yana karanta wajen megabait 500 a sakan, kuma a ƙananan buƙatu masu yawa irin na manhajar lissafi tazarar da yake ba tsohon faifai ta fi haka nisa. Tunda ba za ka yini tsaye a kanta ba, Windows tana da Performance Monitor, za ka iya saita shi ya riƙa rubuta halin faifai da RAM da furosesa duk bayan sakan 15 har tsawon mako. Lambobin na'ura kaɗai yake ɗauka, ba ya ganin abin da mutum ya rubuta, kuma wannan shi ne abin da za ka fara fayyace wa Baba. Ka kuma buɗe CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana nuna lafiyar faifai da yawan awannin da ya yi yana aiki. Awa 8,760 ce a shekara. In ka ga 40,000, faifan ya yi aikin da ya haura shekara huɗu da rabi ba hutu. In kuma alamar lafiyarsa ta koma ruwan ɗorawa, kada ka jira mako biyun nan su cika.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wanda ba ka ko ambata ba. Bashin da kuke bin mutane, lissafin kayan sito, takardun haraji, duk suna kwance a kan faifai ɗaya na hannu. Ina kwafinsu? Kai ɗan Kumasi ne, ka ga abin da gobarar Adum ta watan Maris 2025 ta yi wa shaguna. Buhun shinkafa in ya ƙone ana sake sarowa, amma littafin bashi in ya tafi sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. A wajenku yana iya zama faifan waje da ake kwafa a kai kullum kafin a tashi, a zare shi daga kwamfutar don kada bairos mai kulle fayil ya haɗa da shi, da wani kwafin a intanet ko a gidan Alhaji. Sannan ka gwada buɗe kwafin a wata kwamfutar ka ga lissafin ya fito daidai, don akwai waɗanda sai ranar buƙata suke gano cewa fanko suke ajiyewa. Wannan shi ne aikin farko, kafin SSD, kafin komai.

Shi Baba, "kada ka taɓa" ɗinsa tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Duk abin da ya ɓace a kwamfutar nan shi za a tuhuma. Wataƙila ya taɓa ganin mai gyara ya share masa aikin wata guda. Wataƙila kuma yana ganin an kawo ɗan gida mai ilimin zamani ne don a sallame shi a hankali. Kada ka fassara ƙin nasa da cewa yana ɓoye wani abu. In Alhaji na da shakka a kan littattafai, aikin odita ne, a kira shi da rana tsaka kowa na gani. Ka je gidan Baba ranar da ba aiki ka gaishe shi yadda za ka gaida mahaifi. Ka tambaye shi tun yaushe nauyin ya fara, me ya canza a lokacin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, zai iya tuna cewa bayan an sa kyamarori ne, ko bayan wata ɗaukewar wuta, ko tun da aka ƙara masu buga rasit. Abin da za ka fara yi masa shi ne kwafin ajiyar nan, yana zaune yana kallo, kuma a hannunsa za ka bar faifan. Dattijon da ka kwantar wa da hankali a kan amanar da yake riƙe da ita shi zai fara tare maka faɗa a gaban sauran.

Sai intanet. Bidiyon YouTube mai matsakaicin kyau, na 720, yana son wajen megabit 2.5 a sakan, don haka wayoyi biyar ko shida za su iya shaƙe ƙaramin layi. Maganin ba ya buƙatar sunan kowa: a ware wa wayoyi wayifai na baƙi, a ƙayyade masa gudu, kwamfutocin aiki kuma a ja musu kebul. Kebul irin Cat5e ko Cat6 yana kaiwa mita 100, ya ishi gininku. Amma akwai maganar da ke da nauyin faɗa, wato kyamarorin Alhaji takwas. Duk lokacin da ya buɗe su a wayarsa daga waje, hoton ta layinku yake fita, kuma a layuka da yawa gudun turawa bai kai na saukewa ba. Kyamara ɗaya a cikakken hoto tana iya cin megabit 2 zuwa 4. In ƙofar fita ta cushe, har buɗe shafi da tura imel sai su yi ta jan ƙafa. Ka gwada ping zuwa 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet, lokacin da yake kallo da lokacin da ba ya kallo. In ta tabbata, kada ka faɗa a gaban ma'aikata. Ka same shi shi kaɗai, ka nuna masa lambobin biyu, ka gaya masa na'urorin suna da ƙaramin hoto da aka tanada don kallon nesa, wanda ma ya fi saurin buɗewa a waya. Ka faɗi gaskiya ke nan, girmansa kuma bai taɓu ba.

Kada ka raina wuta da ƙura. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, mun san yadda take, amma ba kowa ya san cewa ɗaukewar wuta yayin da manhajar lissafi ke rubutu tana iya lalata fayil ɗin ba. Event Viewer na Windows yana ajiye lamba 41 duk lokacin da kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ka ƙirga su ka sa a rahotonka. Kwamfutar Baba da rauta da akwatin raba kebul suna buƙatar UPS, na'urar da ke riƙe musu wuta in an ɗauke, kuma batirinsa shekara uku zuwa biyar yake yi, a zafi ma bai kaiwa. Ƙurar hunturu da ta sito kuma tana toshe fanka, furosesa in ya doshi digiri 90 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka lura lokacin da kuke kuka da shi, 11 zuwa azahar, shi ne lokacin da rana ke dukan kwano. Ka hure su da bulowa, ka ɗaga su daga ƙasa. Ka kuma duba ko akwai wadda aka cusa wa manhajar kashe bairos biyu, ko wadda ke sabunta kanta a tsakiyar ciniki. Waɗannan gyaransu kyauta ne. Maganar Windows 10, wadda Microsoft ta daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, ka rubuta ta a ƙasan takarda a matsayin shirin gaba, don tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Kada ka buɗe wa Alhaji da ita, zai ji kamar ka zo ka ce a sayi sababbi tara.

Ranar da za ka shiga wurinsa, takarda ɗaya ta isa, kuma da harshen kasuwa. A matsayin misali, in awonka ya nuna kowane rasit yana cin ƙarin sakan 40, kuma kuna buga 150 a rana, sakan 6,000 ke nan, minti 100 kullum da kwastoma ke tsaye. Wannan lissafin Alhaji zai gama shi a ka kafin ka rufe baki. Ya ce sai ka nuna masa mai laifi, to ka nuna masa: kwamfuta lamba kaza, faifai kaza, kebul kaza. Ka nemi kaɗan, abin da awon ya nuna kawai, wataƙila SSD ɗaya da ƙarin RAM da batirin UPS. Ka kawo farashi daga shago biyu ko uku, ka bar shi ya aiki wanda ya yarda da shi ya sayo, don kada gobe a ce ka ci wani abu a ciki. A gyara guda ɗaya, a sake awo a gabansa. Gani ya kori ji. In kuɗi sun samu nan gaba, a ware wa manhajar lissafi kwamfutarta ita kaɗai, wadda ba mai zama a kanta.

Bayan gyara sa ido zai ci gaba, amma a kan na'ura kuma a bainar jama'a. Akwai Uptime Kuma, kyauta, akwai PRTG da ke ba da ma'auni 100 kyauta. Kowace za ta riƙa taɓa rauta, firinta, uwar garke da layin intanet tana rubuta lokacin da suka faɗi. Ka ɗora ta a wata tsohuwar kwamfuta, ka juya fuskarta inda kowa zai gani, kore lafiya, ja matsala. Ranar da laifin na kamfanin intanet ne, kana da awa da minti da za ka kai musu ƙara da su. Duk ƙarshen wata ka ba Alhaji rahoton layi biyar, ka liƙa kwafinsa kusa da littafin kanta.

In duk da haka ya dage sai an san abin da ake yi da kwamfutocin aiki, yana da haƙƙi a kan kayansa, kuma akwai hanyar da ba ta ɓoye ba. A rubuta ƙa'ida, a karanta wa kowa, kowa ya sa hannu: kwamfutar aiki ta aiki ce, an toshe shafuka kaza a lokacin ciniki, rauta tana ƙirga yawan abin da kowace na'ura ta ci, ba a naɗar rubutun kowa, ba a shiga wayar kowa. A nuna wa lauya kafin a fara. Wannan za ka iya yi da hannunka ka kuma kwana lafiya. In kuwa ta ɓoyen yake so ba wata ba, ka ce masa cikin ladabi ba za ka iya ba, kuma in wani ya sa ta aka tambaye ka ba za ka yi ƙarya ba. Kada ka yi wannan maganar kai kaɗai in ka ga ta fi ƙarfinka. Mahaifiyarka ƙanwarsa ce, tana da bakin da ba ka da shi, ko kuma limamin da yake jin nauyinsa. Kuɗin makarantar da ya biya alheri ne da za ka riƙa tunawa har abada, kuma ƙwarewar da kuɗin suka saya ita ce take gaya maka wannan hanya za ta cutar da shi. In har ta kai ga rabuwa, ka rubuta duk kalmomin sirri da tsarin wayoyin ka miƙa masa a ambulan, ka fita da sallama, ka kuma ci gaba da zuwa gaisuwa. Ban tsammanin za ta kai can ba, don 'yan kasuwa irinsa in layi ya ragu sukan manta da neman mai laifi.

Abokan waakye kuwa kada ka matsa musu. Ka nemi afuwa sau ɗaya, ka ci gaba da gaisuwa, ka bar su su ga kana zama kusa da mutum kana nuna masa abin da kake dubawa. Bayan mako biyun ka sake rubuto mini, ka haɗo da abin da littafin kanta ya nuna da abin da CrystalDiskInfo ta ce a kan faifan Baba, mu duba tare kafin ka shiga wurin Alhaji. Ka gaida mini Hajiya.